Yadda Fina-finan Japan Suka Kusa Sa a Ƙone Ni a Kwanar Dangora

Assalamu alaikum Edita, tare da dukkan masu karanta wannan mujalla. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke aiko muku, ina jinjina wa wasu, ina yi wa wasu dariya, ban taɓa zaton ni ma zan shiga layi ba. Roƙona ɗaya shi ne a ɓoye sunana, domin mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu, wasunsu ma har gobe muna haɗuwa a sahun salla.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen garin Ƙofa. Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare, daga ni sai Inna sai ƙannena mata. Na gama difloma aiki bai samu ba, sai na sayar da rabona na masarar gonarmu na buɗe ɗan shagon langa-langa a Kwanar Dangora, ina cajin waya ina tura wa mutane fina-finai da karatuttuka da waƙoƙi. Da safe in hau babur in zo, da yamma in koma gida. Ba na shan komai, ba na faɗa da kowa. In da wani abu da aka san ni da shi, to surutu ne da son a ce na fi kowa sanin duniya.

Wani ɗalibi da motarsu ta tsaya a Kwana kan hanyarsa ta Zariya ne ya fara zuba mini fina-finan Japan a kwamfuta, a madadin kuɗin caji. Ba masu fassarar Hausa ba ne, rubutun Turanci ne ke bin ƙasansu, wasu ma tsofaffi ne har launinsu ya koɗe. Ya ce mini ba kowa ya san su ba, amma waɗanda suka san su ba sa iya rabuwa da su. Gaskiya ya faɗa. Na saba da fina-finan tsoro masu ihu da dodanni, waɗanda kana gama kallo ka manta. Na Japan ba haka suke ba. Shiru ya fi yawa a cikinsu. Sai a ajiye ka kana kallon wani lungun gida tsawon lokaci ba abin da ke motsi, har ka fara jin haushi, sai ka lura ashe tun ɗazu akwai wata tsaye a kusurwa tana kallonka. Makasan cikinsu kuwa ba su da kama da mugaye. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna ya gai da maƙwabta, ya tafi ofis a kan lokaci, alhali gidansa cike yake da gawarwaki. Wasunsu ma in an kama su ba sa tuna sun yi kisan. Tsoron nasu ba zabura yake sa ka ba, tsiyayowa yake a hankali kamar ɗigar rufin soro, sai ka farga ka jiƙe sharkaf.

Kafin wani lokaci abin ya fara taɓa ni. In na shiga banɗaki sai in bar ƙofa a buɗe kamar ƙaramin yaro. A kan hanyar komawa Ƙofa sai in ji babur ya yi nauyi kamar an hau bayana, in kasa duba madubi, in yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina har in isa gida. Ko salla nake ni kaɗai a shago, in na zo sallama sai gabana ya faɗi, ina tsoron abin da zan gani in na waiwaya. Inna ta ga na rame, ta ɗauka iska ce ta shafe ni, ta riƙa karɓo mini rubutu tana turara ɗakina da habbatussauda. Na sha rubutun, ban gaya mata gaskiya ba, washegari kuma in koma in ɗora daga inda na tsaya. Har na shiga zaurukan intanet na masu son irin waɗannan fina-finai ina roƙon a turo mini waɗanda suka fi muni.

Babban kuskurena shi ne ban bar abin a cikina ba. Akwai teburin mai shayi kusa da shagona inda muke majalisa, ni da 'yan acaba da yaran mota da masu facin taya. A nan nake ba su labarin abin da na kalla, ina kwaikwayon muryar makashin, ina bayanin yadda yake ɓatar da sawu. Suna jin daɗi, ni kuma kaina yana ƙara girma, har suka laƙaba mini Ɗan Japan. Wata rana gardama ta yi zafi, wani ya ce ai duk ƙarya ce, ba yadda za a yi mutum ya ɓace ba a gano ba. Sai na bugi ƙirji na ce in na ga dama zan iya ɓatar da mutum a cikin Kwanar nan ko takalminsa ba za a tsinta ba, ga dajin Falgore nan a kusa. Aka yi shewa aka tafa. Wani dattijo mai sayar da goro da ke gefe bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, baki shi ke yanka wuya." Na ce masa wasa ne Baba, na ci gaba da shan shayina.

Akwai wata Bafulatana mai tallar nono da ke zuwa daga wata ruga ta wajen Badafi. Adda nake ce mata, ita kuma ta ce mini mai shago. Takan sauke ƙwaryarta a inuwar shagona ta huta, ta dama mini fura, wani lokacin ta bar mini ajiyar kayanta ta shiga kasuwa cefane. A lokacin tana da tsohon ciki, har nakan yi mata tsiya in ce ta bari mana ta huta a gida, ta ce in ta zauna wa zai sayo gishiri da manja. Ranar da abin zai faru ta zo da hantsi, ta dama mini fura, ta tura ƙwaryarta da faifai da mayafinta ƙarƙashin teburina ta ce tana zuwa. Na ce a dawo lafiya. Kasuwa ba ta yi ba ranar, janareta na ta ƙara, sai na toshe kunnuwana da iyafis na kunna wani sabon fim da aka turo mini. Ban ɗago ba sai da aka kira azahar. Har yamma Adda ba ta dawo ba. Na ce a raina ƙila ta samu motar gida ta manta, gobe ta zo ta ɗauka. Na kulle shago da kayanta a ciki na tafi.

Washegari ina isowa na hango mutane a bakin shagona. Fulani ne maza da sandunansu, fuskokinsu ba annuri. Wani dogo a cikinsu, wanda daga baya na gane mijinta ne, ya yi mini sallama ya tambaye ni ko na ga matarsa, don tun jiya da ta fito talla ba ta koma ba, sun zaga dangi da rugage ba labari, kuma an ce musu a nan aka yi mata ganin ƙarshe. Na ce ƙwarai ta zo, ga ma kayanta a ciki. Na buɗe shago da hannuna na jawo ƙwaryar. Nonon ya yi tsami ya kumburo, mayafin na kanta a naɗe. Mijin ya ɗauki mayafin ya tsura masa ido. A daidai lokacin ne wani daga cikinsu da ya zaga bayan shagon ya ƙwalla salati. Muka ruga gaba ɗaya. Jini ne a ƙasa, ya bushe ya yi baƙi, ya shafi jikin langa-langar, ga takalminta na roba ƙafa ɗaya a yashe. Wallahi Edita, nan take na san na shiga uku.

Kafin ka ce kwabo wurin ya cika. Ka san Kwana, mahaɗa ce, ga matafiya ga 'yan kasuwa, kuma lokacin ana cikin zaman ɗar-ɗar saboda labaran satar mutane da masu cire sassan jiki. Ina ta rantsuwa ba mai saurarona. Sai na ji wata murya da na sani, ta wani ɗan majalisarmu da muke cin abinci kwano ɗaya, yana gaya wa jama'a cewa da kunnensa ya ji na ce zan iya ɓatar da mutum in kai shi Falgore. Wani ya ce shi ma yana wurin. Wani ya shiga shagon ya taɓa kwamfutar, ta buɗe a daidai inda na tsayar da fim ɗin jiya, hoton wata mace kwance cikin jini. Aka ɗaga ta sama ana nuna wa mutane. Ba wanda ya tsaya ya ga matar ba baƙar fata ba ce. Daga nan ban san wanda ya fara kai mini mari ba. Na ji sanda a kafaɗata, na ji an yaga rigata, na faɗi ana tattaka ni, bakina ya cika da ƙasa da jini. Sai na ji ana cewa a kawo taya. Na ji warin fetur. Na sha kallon mutuwa iri-iri a allo ina cin gyaɗa, ranar ce na san ban taɓa sanin mene ne tsoro ba. Fitsari ya kufce mini a gaban jama'a, ko kunya ban ji ba.

Allah ya kawo 'yan sintiri tare da mai unguwa, dattijo ne da ake jin maganarsa. Da ƙyar suka fizge ni suka ja ni zuwa gidansa, jama'a na biye ana jifa. Ya tura ni wani ɗakin ajiyar hatsi da ke jikin zaurensa ya datse da kwaɗo, ya sa kujera ya zauna a bakin ƙofa. Ina jin sa yana cewa ya aika a kira hukuma, kuma duk wanda ke son ya taɓa ni sai dai ya fara ƙone shi da gidansa. Aka riƙa ce masa ya miƙo ni, wasu har suna cewa an saye shi.

Zaman da na yi a ɗakin nan shi ne abin da har yau ban warke daga gare shi ba. Rana tsaka ce a waje, amma ciki duhu ne, sai ɗan haske ta ƙasan ƙofa inda nake ganin inuwar ƙafafu na kai da komo. Buhunan masara a jere har rufi, ga warin maganin ƙwari. Duk abin da na cusa wa kaina ya taso mini a lokaci guda. Na tabbata a raina Adda ta mutu, kuma tana cikin ɗakin, tana tsaye a lungun da ke tsakanin buhuna da bango tana kallona. Ɓera ya motsa na ji kamar jan ƙafa ɗaya marar takalmi. Na runtse ido na ga ya fi muni, na buɗe. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne na fara zargin kaina. Na yi ta ƙoƙarin tuna abin da na yi tsakanin hantsi da azahar na jiya, ban tuna komai ba sai fim. Na ce to in fa ni ne? In fa na tashi na aikata ban sani ba, kamar mutanen da nake kallo? Na riƙa shinshina hannuwana ina duba ƙarƙashin farcena a ɗan hasken nan. Mutum mai hankali, ɗan Musulmi, ga inda kallo ya kai ni. Na so in karanta Ayatul Kursiyyu, na fara ta ya fi a ƙirga, ina zuwa tsakiya sai ta ɓace mini.

Can sai na ji muryar Inna. Wani ɗan acaba ɗan garinmu ne ya je ya ɗauko ta. Matar da ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba, ita ce ta ratsa wannan taro ba takalmi. Ba ta yi ihu ba. Na ji ta durƙusa tana gai da mai unguwa, sannan ta juya wajen mijin Adda tana ce masa ita ta haife ni, ta san ni da wauta da dogon baki, amma ko kaza ban iya yankawa ba, ya yi wa Allah ya jira gaskiya ta fito, in ta tabbata ni ne ita da kanta za ta miƙa ni. Mutumin ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Inna, ni ba ran ɗanki nake so ba. Matata nake so, da abin da ke cikinta." Ina jin haka na kifa kaina a kan buhu na fashe da kuka.

Wajen la'asar hayaniyar ta canza salo, na ɗauka ƙofar za su ɓalle, na fara kalmar shahada. Ashe wani direban motar haya ne da ke bin hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ya dawo tasha ya tarar ana zancen. Ya rugo yana faɗin a tsaya. Ya ce jiya da hantsi ya tsaya ɗaukar kaya a bayan shaguna, wasu mata fasinjojinsa suka hango mace a durƙushe jini na zuba, suka ɗauke ta ya wuce da ita asibiti a Tudun Wada. Kafin su isa ta suma, ba ta da waya, ba wanda ya san daga inda take, shi kuma ya wuce da fasinjojinsa ya kwana a Doguwa da niyyar in ya dawo ya yi cigiya. Nan take mijin da 'yan'uwansa suka bi shi. Mai unguwa bai buɗe ni ba sai da aka bugo waya aka ce an gan ta, tana da rai. Da aka buɗe ƙofar na kasa miƙewa, kamo ni aka yi. Taron nan da ya cika layi ya watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Tayar kawai na gani a yashe a ƙofar gidan.

Na yi jinya mai tsawo a gida, da karayar kafaɗa da haƙori guda da ya fita. Shagon kuwa an wawushe shi tun a ranar, wayoyin mutane da kwamfutar duk ba a bar komai ba. Mutane sun yi ta zuwa dubiya, har da waɗanda na ga fuskokinsu a cikin masu dukana, kowa na cewa shi rabon faɗa ya je yi. Na karɓi gaisuwarsu.

Adda ta rayu amma jaririn bai zo da rai ba. Da na samu sauƙi Inna ta ce lallai mu je rugar mu yi musu gaisuwa. Mijin ya tare mu tun daga nesa, ya riƙe hannuna yana neman gafara har da hawaye, ya ce a kawo mana tabarma da kindirmo. Aka yi mana iso wajen Adda, ta rame ta yi fari fat. Ta yi mini sannu da abin da ya same ni a dalilinta. Sannan, ba da faɗa ba, ba da zargi ba, kamar mai ba da labarin wani, ta ce lokacin da ciwon ya kama ta ta zaga bayan shagona ne don ta ji kunyar mutane, da ta ga jini ya ɓalle ta yi ta kiran mai shago, mai shago, tana bubbuga langa-langar da hannunta har ƙarfinta ya ƙare. Ta ce ta ɗauka na fita ne. Ban fita ba, Edita. Ina zaune, bayana jingine da wannan langa-langar, kunnuwana a toshe ina sauraron kukan matar da aka biya ta ta yi kuka a wata ƙasa. Babur ɗina na ajiye a ƙofar shago da mai a ciki. Na san rai da ajali na Allah ne, malamai sun gaya mini, Inna ma ta gaya mini. Amma ban iya gaya wa Adda inda nake a lokacin ba, kuma har yau ban iya ba.

Yanzu noma nake, ina ɗan taɓa sayar da taki a garinmu, na yi aure har da 'ya'ya. Ban sake kallon irin waɗannan fina-finai ba, amma su ba su gama sakina ba. Har yau ba na iya zama a ɗaki rufe, kuma in na ji warin fetur a cikin taro sai jikina ya ɗauki rawa.

Ba na cewa duk wanda ya kalli fim zai gamu da abin da na gamu da shi. Abin da na sani shi ne zuciya rumbu ce, abin da ka zuba shi za ka ɗebo ranar da ka shiga duhu, ni kuwa ranar da na nemi addu'a gawarwaki na tarar. Ina jan kunnen matasa 'yan'uwana, ku san abin da kuke ciyar da idanunku, ku kuma san irin wasan da ke fita daga bakinku a majalisa, don waɗanda suka tafa muku yau su ne za su ba da shaida a kanku gobe. Jama'a kuma, don girman Allah, in an ce ga ɓarawo ko ga makashi, a tsaya a bincika kafin a ɗauki dutse. Da motar direban nan ta lalace a hanya, ko da mai unguwa ya ji tsoro ya miƙa ni, da yanzu toka ce ni, kuma da yawa daga cikin masu salla a sahun gaba suna yawo da alhakin raina ba su sani ba. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Adda a addu'a, Allah ya ba ta wasu 'ya'ya masu albarka, ni kuma ya yafe mini.